Laushin tafiya ba a tsadar shokazoba yake ba

Duk wanda ya ɗaga Hilux ɗinsa da inci 2 ko 3 ya san abin da kan biyo baya: mota ta ƙara kwarjini, amma kowane rami sai ya ji shi a ƙugu. Da yawa sai su garzaya neman shokazoba mafi tsada. A ganina kuskure ne.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shokazoba hana shi ci gaba da lilo. Idan sifirin na dakon kaya ne, bayan motar kuwa kullum wayam, ko Fox aka ɗaura sai jiki ya gaya wa mai ita.

Saboda haka a fara da awo. Shokazobar da ta yi wa ɗagawar gajarta miƙewa za ta riƙa yi har ƙarshe tana bugawa. Sannan a duba hanyar da aka fi bi. Mai bututu ɗaya, irin Bilstein 5100, ta fi jure zafi a burji mai gargada, mai bututu biyu kuma galibi ta fi laushi a cikin gari.

Kafin a kashe ko sisi, a auna iskar taya, domin wani taurin daga can yake.