Gargaɗi Ga Mai Sayen Ƙaramin Akwatin Kwamfuta

Bismillahi. Bayan haka, fatake da malamai na Bodinga da Shagari sun soma sha'awar ƙaramin akwatin kwamfuta, domin rumfar kasuwa da zauren karatu ba su da yalwa. Waɗansu kuwa suna son mai sanyaya na'ura da ruwa, saboda zafin bazarar Sakkwato yakan wuce digiri 40.

To, a lura. Ruwan nan ba ya kashe zafi, ɗaukarsa yake yi ya kai wa lagireto, fanka ta hura shi waje, kamar na mota. In ɗaki ya yi zafi, ko ƙurar hunturu ta toshe lagireto, aikin ya ɓaci.

Saboda haka awo shi ne farko. Allon Mini-ITX, wanda kamfanin VIA ya fitar a 2001, santimita 17 ne kowane gefe, amma lagireto mai fanka biyu gurbin milimita 240 yake bukata, har da kauri da hanyar bututu. Wanda ya saya bai auna ba ya yi cinikin biri a sama. Akwatin kuma ya zama mai ƙofofin iska da matacin ƙura da ake cirewa a wanke.

Amma mai lissafin gero da albasa, da mai rubuta littattafai, fanka ta ishe su. Famfo yakan mutu, bututu yakan yi yoyo, dukiya ta salwanta. Ruwa sai ga mai aiki mai nauyi.

Allah shi sa a dace. Wassalam.