Kifin Bakin Tasha A Kontagora

Jama'a, duk matafiyin da magariba ta riske shi a Kontagora, kan hanyarsa ta zuwa Yawuri ko Sakkwato, ya san ƙamshin kifin da mata ke soyawa a bakin tasha. Karfasa ce ko tarwaɗa, a barbaɗe ta da yaji, talaka ya ci ya ƙoshi ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. Albarkar Kwara ke nan, musamman tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968.

Mutanen Japan ma suna da irin nasu, wai shi sushi, wato ɗan dunƙulen shinkafa mai tsami da yankan kifi a bisa. A ƙarni na 19 abincin tsaye ne na talakawan Edo, wato Tokyo ta yau. A 1958 kuwa wani mai gidan abinci a Osaka ya ƙago bel mai zagayawa da farantai gaban masu ci, ya rage ma'aikata, farashi ya sauka.

To, su yawanci ɗanye suke ci, saboda haka ba sa wasa da tsabta. Mu kuwa mun dogara ga tafasasshen mai. Amma fa mai ba ya kashe guba. An sha kokawa da ɓatagarin masunta masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa, kifi ya taso birjik, manya da 'ya'ya, a kwaso a kawo kasuwa da araha. Mai soyawa ba ta sani ba, balle mai ci.

Muna roƙon sarakunan ruwa su tsare kogi, duba-gari kuma su riƙa leƙa kwandunan dillalai tun da asuba, kafin a ɗora kasko.