Kuɗin duwan: daga aljihun wa yake fita?

'Yan uwa matasa, a watan Maris 2025 shugabannin AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Na ga mutanenmu suna ta murna a Facebook, wai yanzu baƙi za su biya mu. Wane baƙo?

Ni ɗan Ƙonni ne, a bakin iyaka na tashi. Ɗan kasuwar da ya ɗauko taliya ko sabulu daga Illela ta Najeriya (ba Illela tamu ta Tahoua ba) shi yake biya a duwan, kuma ba daga ribarsa yake cirewa ba. Kan kowane kwali yake ɗorawa. Innata da ke sayen sabulu guda ɗaya, ita ce mai biya.

Rabin kashi ɗaya ba shi da yawa, kuma dama haka muke biya wa CEDEAO kafin mu fita a Janairun 2025. Nauyin yana ga jadawalin da aka fara aiki da shi tun 2015, wanda ke kaiwa kashi 20, har 35 a kan wasu kaya.

Ban ce a buɗe iyaka kowa ya zubo mana tarkace ba. Muna da siminti a Malbaza, kuma in haraji zai sa ƙanena ya samu aiki a can, wallahi na yarda in biya. Amma kariya ba ta haifar da lantarki. Da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, wace masana'anta haraji ya ceta? Kayan da ba mu ƙerawa kuwa, wa ake karewa in an tsauwala musu? Sai dai masu fasa-ƙwauri su ƙara babura a hanyoyin daji, baitulmali ya tashi a tutar babu.

Kuma maƙwabci ma yana da ƙofa. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga yadda kasuwar Ƙonni ta yi sanyi. Albasar Galmi ba ta iya jiran 'yan siyasa su shirya, ruɓewa take yi a buhu.

Don haka ina roƙon hukuma ta riƙa bayyana nawa duwan ta tara a iyakar Ƙonni kowace shekara, da inda aka kashe shi, kuma a manna jadawalin harajin da Hausa a ƙofar ofishin, don mai kwali biyar ya san abin da ake binsa tun kafin ya sauke kaya.