Buhun Gawayi da Masu Raina Hannu

Tun ranar da mujallar ArtReview ta birnin Landan ta sa Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, a kan gaba cikin mutum ɗari da ta ce su ne mafi tasiri a duniyar fasaha a shekarar 2025, ban zauna wata majalisa da aka tada zancen ba face na ji magana guda, kamar an yi ijma'i a kanta: wai Turawa sun rasa abin yi, sun naɗa wa mai ɗinka tsofaffin buhunan gawayi rawani. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wani ma'abocin boko da ya faɗi haka a wurin walima, sa'an nan ya zaro wayarsa ya nuna mana hoton da na'ura ta zana masa cikin ƙiftawa da bismilla, ya ce ga fasahar zamani nan, hannu kuwa kwanansa ya ƙare.

Wannan jahilci ne murakkabi, domin mai shi bai san buhu ba, kuma bai san bai sani ba. Buhun algarara da Mahama ke aiki da shi ana saƙa shi ne a Indiya ko Bangaladash, a kawo shi Ghana domin zuba ƙwayar koko, idan ya gama wannan hidima ya faɗa hannun masu hatsi, daga nan ya gangara wurin masu gawayi, kowane ɗan kasuwa ya rubuta alamarsa a jikinsa, kowane ɗan dako ya bar masa gumin wuyansa, ya yage a ɗinke, ya sake yagewa a yi masa maho, har ya zama babu taƙi guda a jikinsa da hannun wani bawan Allah bai taɓa ba. Malamanmu ba su karɓar ruwaya sai da isnadi, wane daga wane daga wane, kuma buhun nan isnadinsa a rubuce yake a fatarsa. Sa'ad da Mahama ya lulluɓe dogayen katangun Arsenale da irinsa a baje kolin Benis na 2015, wahalar 'yan dako ce ya rataye a gaban masu shan cakulan. Hoton wayar kuwa wa ya ruwaito shi, daga hannun wa?

Masu raina Mahama suna cewa ai ba shi ya yi ɗinkin ba. Na'am, ƙyallen da ya rufe ginin Barbican na Landan da shi a 2024, mai faɗin murabba'in mita kamar 2,000, ɗaruruwan mutane ne suka haɗa shi da allura a filin wasa na Tamale, aka ɗinka tsofaffin rigunan batakari kamar ɗari a kansa. To, sai me? Wa ya taɓa tambaya ko Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya ɗauki kowane tubali na masallacin Juma'a na Zariya a kansa? Masu fakewa da mas'alar sura kuma su sake duba buhun, babu mai rai a jikinsa, ba ni da lokacinsu.

Hasali ma cutar ta girmi Mahama. Makarantun da Turawa suka kafa mana su suka raba abu biyu: wanda ya shafa fenti a kan ƙyalle ya kafa a bango shi ne mai fasaha, wanda ya murɗa yumɓu ko ya riƙe allura kuwa mai sana'a ne kurum, ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗaliban Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun yi wa wannan karatu tawaye tun 1958, amma har yau 'yan bokonmu na riƙe da shi kamar wasiyya. Ladi Kwali ta iya ginin tulu tun kafin ta shiga wurin maginin tukwane Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, amma sai da aka yaba mata a Landan kafin mu ba ta digirin girmamawa a 1977, daga baya mu sa ta a kan naira 20.

Kuma mutumin nan na walima, na san irinsa sarai: shi ne zai je wurin mai ɗinkin hannu wanda ya shafe watanni yana sunkuye a kan aska takwas har idonsa ya raunana, ya taya rigar da kuɗin aikin keke, in an hana shi ya ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne, kuma shi ma ya sani, tun da ranar ɗaurin auren 'yarsa ta hannun yake nema. Mu da muka tara dalar gyada a Kano da irin wannan buhu, ba mu adana ko guda ba domin jikokinmu su shafa su ji. Mahama kuwa ya koma Tamale da abin da ya samu, ya buɗe cibiyar fasaha a 2019, ya sayi tsofaffin jiragen sama ya girke a wurin aikinsa mai suna Red Clay, yara na shiga cikinsu suna ɗaukar darasi.