Muradun Shekarar 2030: Wa Zai Ƙidaya Mutanen Bahuli?

Cikin watan Satumba na shekarar 2015, ƙasashe 193 suka hallara a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Niyok, suka amince da waɗansu muradai 17 waɗanda aka ce lalle ne a cim musu kafin ƙarshen 2030. Cikinsu akwai kawar da talauci da yunwa, da samar da lafiya da ilmi da ruwan sha mai tsabta, da wutar lantarki, da zaman lafiya. Aka rarraba su gida 169, aka kuma ɗauki alkawari cewa ba wanda za a bari a baya. Nijeriya na cikin masu alkawarin, har ma 'yar ƙasar nan ce, Hajiya Amina Muhammad, ta yi wa Babban Sakataren Majalisar ɗawainiyar tsara shi.

Sa'ad da ake wannan taro kuwa, garin Mubi bai cika shekara guda da kuɓuta ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama shi, suka sake masa suna, jama'a suka watse, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka hau duwatsu suka ƙetare Kamaru. Cikin watan Nuwamba soja da maharba suka ƙwato garin. Watau ke nan a daidai lokacin da sauran duniya ke shirin fara tseren shekara 15, mutanen wannan yanki suna ta neman inda suka bar takalmansu.

Bahuli ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, tare da irin su Vimtim da Muchalla da Mijilu da Betso. Ƙasar Fali ce, a gindin duwatsun nan da suka raba Nijeriya da Kamaru, kuma akasarin mutanenta manoma ne. Idan har da gaske ake yi cewa ba za a bar kowa a baya ba, to, a irin wannan wuri ne za a gane, domin kuwa mutumin da ke bakin iyaka shi ne aka fi saurin mantawa da shi. Abin tambaya shi ne, wace takarda ce mai karatu zai buɗe yau ya ga yara nawa ne a Bahuli suka isa shiga makaranta, nawa ne suka shiga, rijiyar burtsatse nawa ce ke ba da ruwa cikin watan Maris, mata nawa ne suka haihu a hannun ungozoma mai horo?

Gwamnatin Tarayya ta kai rahotonta gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ta sake kaiwa a 2020. Rahotanni ne masu kyan tsari, amma fa lissafinsu na ƙasa baki ɗaya ne, kuma kowa ya san halin irin wannan lissafi. In aka haɗa mai shanu 100 da wanda ba shi da ko akuya, alƙalami zai ce kowannensu yana da 50. Cikin watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ɗan matso kusa, ta bayyana cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talaucin da ya haɗa da rashin ilmi da lafiya da muhalli, kuma a karkara adadin ya kai kashi 72, a birane 42. Aiki ne na yabo, sai dai ya tsaya ne a kan mazaɓun sanatoci 109. A wannan ma'auni Bahuli da tsakiyar kasuwar Mubi da Michika da Madagali duk tukunya ɗaya aka zuba su. Ga shi kuma rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage ta. Yaron da aka haifa ran da masu ƙidaya suka bar Bahuli ya isa jefa ƙuri'a.

Wannan matsala ba Nijeriya kaɗai ta dama ba. Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Raya Ƙasa, mai hedkwata a birnin Faris, ta yi nazari ta ce aƙalla 105 daga cikin gidajen nan 169 ba za su samu ba sai da hannun gwamnatocin jihohi da na garuruwa. Dalili ke nan da ya sa tun 2018 birane suka fara rubuta nasu rahoton da kansu, ba tare da wani ya tilasta musu ba. Niyok ta yi, Akara babban birnin Gana ta bi sahu a 2020. Mai karatu na iya cewa ai waɗannan manya ne masu kuɗi da ma'aikata. To, cikin waɗanda suka fara a 2018 akwai wani ƙauye a arewacin Japan mai suna Shimokawa, wanda mutanensa ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba, sana'arsu kuwa katako. A nan gida ma Jihar Kaduna ta fitar da nata a 2017, ita ce ta riga sauran jihohi.

Abin mamaki shi ne Nijeriya ta taɓa sanin wannan hanya. A 2005 ƙasashen da ke binta bashi suka yafe mata dala miliyan dubu 18, bisa sharaɗin a kashe abin da aka huta biya a kan talakawa. Daga nan aka kafa shirin ba jihohi gudummawa a 2007, ita ma jiha ta kawo nata kason, sa'an nan a 2011 aka gangara da shirin zuwa ƙananan hukumomi 113. A ƙarƙashinsa aka baza ma'aikata da wayoyin hannu cikin ƙananan hukumomi 774, suna rubuta kowace makaranta da ɗakin shan magani da rijiya, suna ɗaukar hotonsu. A Adamawa kuwa an yi wani abin da ya fi wannan. Tun ƙarshen 2011 aka gwada a Fufore wani tsari na Bankin Duniya, inda ake biyan ɗakin shan magani gwargwadon aikin da aka tabbatar ya yi: allurar rigakafi kaza, awon ciki kaza, haihuwa kaza, a zo a duba littafi, a bi mutane har gida a tambaya. Jihohi uku kaɗai aka fara zaɓa, Adamawa da Nasarawa da Ondo. Saboda haka ma'aikatan lafiyar jihar nan sun iya ƙidaya, ba sai an ɗauko musu malami daga waje ba. Sai dai lissafin da aka yi kafin Oktoban 2014 ba zai yi wa Mubi amfani ba, tun da yake bayan nan an ƙone gine-gine, mutane sun tashi, baƙi sun sauka.

Gwamnatin Alhaji Ahmadu Umaru Fintiri, wadda ta hau a 2019, ta shelanta ilmi kyauta, ta ɗauki biyan kuɗin jarrabawar ɗaliban sakandare, ta kuma gina gadojin sama a Yola. Ba mai musun cewa aiki ne. Amma gada kowa na ganinta da ido, ilmi kyauta kuwa ba a sanin ya isa ƙauye sai an shiga aji an ƙirga kawuna, an kuma ƙirga malaman da suka zo aiki ran Litinin. Tsakanin Yola da Mubi kusan kilomita 200 ne, kuma labari kan yi kyau a hanya kafin ya isa ofis.

Wanda ya kamata ya yi wannan ƙirga shi ne ƙaramar hukuma. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata rajistar haihuwa da mutuwa, da kasuwanni da tashoshin mota, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Shi kuma tsarin mulkin nan, a sashe na 162, ya kafa asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙananan hukumomi ke fara sauka a hannun jiha, kuma shekara da shekaru ana kukan abin da ke fitowa bai kai abin da ya shiga ba. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye. Shekara ta zagayo ana ta jan ƙafa wajen cika umurnin. Duk da haka, ko da kuɗin sun iso gobe, shugaban da bai san rijiya nawa ce ta mutu a ƙasarsa ba zai kashe su ne inda aka fi yi masa ihu, ihun kuwa na cikin gari ya fi ƙarfi.

Aikin ba mai tsada ba ne. Mubi tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe. Kansila da dagaci da hedimasta da mai kula da ɗakin shan magani, in suka zauna da ɗalibai biyar, mako biyu ya ishe su su cika takarda guda a kan Bahuli. A yi haka a mazaɓu 11, a karanta sakamakon a bainar jama'a da Hausa da Fulatanci da Fali kafin majalisar ƙaramar hukuma ta zauna kan kasafin kuɗi, a manna kwafi a ƙofar sakateriya, baɗi a sake. Jihar tana da mazaɓu 226 cikin ƙananan hukumomi 21. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce kashi 17 cikin 100 kaɗai na gidajen nan ke tafiya yadda aka so a duniya baki ɗaya, kuma ba a tsammanin Mubi ta Arewa ta yi abin da ya gagari manyan ƙasashe. Abin da ake nema gare ta shi ne, in 2030 ta zo, a iya buɗe takarda a ga inda Bahuli take a bana da inda ta kai.