Kafin Shagalin Suna, Ina Jariri Zai Kwana?

Abin takaici ne yadda matashin magidanci a Gwarzo ko Kabo zai ƙarar da aljihunsa kan ɗinki da abincin suna, bai tambayi inda jaririn zai kwanta ba, alhali amana ce a wuyansa.

Wasu 'yan'uwa kan ruga Kano su sayo gadon gwanjo na Turawa, wai wayewa. To, irin wanda ake sauke gefensa, Amurka da kanta ta haramta sayar da shi tun 2011, bayan ya halaka jarirai. Kafintan unguwa zai ƙera wanda ya fi shi aminci da araha, muddin an gindaya masa sharuɗɗa: tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6, don kada jikin yaro ya zurma, kansa ya maƙale. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon ba giɓi.

Sauran aikin na gida ne. A kwantar da jariri rigingine, ba filo, ba tulin bargo, a ɗakin mahaifiyarsa, cikin gidan sauro, nesa da hayaƙin gawayin jego.

Wanda ya iya sayen ragon suna ba zai rasa kuɗin katako ba. Allah Ya raya, Ya shirya.