Sinimomin Sin sun cika, amma ina kashi na biyu?

A watan Yunin 2016 wani fim ɗin almara mai suna Warcraft ya rikita masu lissafin kasuwar finafinai. A Amurka, inda aka shirya shi, 'yan kallo sun juya masa baya. Kwana ukun farko dala miliyan 24 kacal ya tara, kuma har aka sauke shi daga sinimomi wajen miliyan 47 kawai ya samu, alhali an kashe kimanin miliyan 160 wajen haɗa shi. Masu sharhin jaridu ma ba su raga masa ba. A ƙasar Sin kuwa, cikin kwana biyar ya tara kusan dala miliyan 156, daga baya ya kai wajen miliyan 220, abin da ya samu a faɗin duniya kuma ya haura miliyan 430. Nan take aka shiga yayata cewa zamani ya juya, ɗan kallon Beijin da na Shanghai ne yanzu ke yanke wa fim hukunci, don haka kashi na biyu ya zama tilas. A ƙasashe da dama an saki fim ɗin da laƙabin da ke nuna cewa mafari ne kawai, daraktansa Duncan Jones kuma ya sha faɗin cewa labari mai kashi uku ya tsara. Shekaru sun shuɗe, ba a ɗauki ko fitowa ɗaya ta kashi na biyu ba.

Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa cika sinimomin ƙasashen waje ba ya ba fim tabbacin ci gaba, kuma masu zuba jari sun san haka tun kafin a kunna kyamara. Saboda haka duk kamfanin da ya sayar wa jama'a rabin labari, ya jingina sauran da ribar da bai tabbatar da ita ba, ya ci amanar wanda ya biya kuɗin tikiti. Ɗan kallon waje shi ne ya fi kwana a ciki, domin shi ya fi kowa cika zaure, kuma shi ne muryarsa ta fi rauni a ɗakin da ake yanke shawara.

Mu fara da dalilin nasarar, domin ba daga sama ta faɗo ba. An ciro fim ɗin ne daga wasan kwamfuta na kamfanin Blizzard, kuma World of Warcraft ya shiga Sin tun 2005. Samari masu ɗimbin yawa sun girma suna raba dare a shagunan intanet suna buga shi, kowa da rundunar da yake yi wa yaƙi, ko ta mutane mai shuɗiyar tuta ko ta dodanni mai ja. Zuwa 2016 waɗannan samari sun zama ma'aikata masu albashi. Su ne suka yi layi a nunin tsakar dare, wasu sanye da riguna masu tambarin rundunarsu, suna haɗuwa da abokan da suka shekara suna wasa tare. Ƙari a kan haka, a watan Janairun 2016 kamfanin Wanda na Sin ya sayi Legendary, wanda ya shirya fim ɗin, a kan dala biliyan 3.5, kuma a lokacin Wanda shi ne mai jerin sinimomi mafi girma a ƙasar. An saki fim ɗin a Sin ranar 8 ga Yuni, daidai lokacin da ɗalibai ke kammala jarrabawar shiga jami'a, ga hutun bikin tseren kwalekwale a bakin ƙofa. Masoya sun yi tururuwa a makon farko, daga nan kasuwa ta yi ƙasa da sauri, domin wanda bai san wasan ba bai ga abin da zai kai shi ba. Duk mai jari da ya dubi wannan faɗuwar ya gane cewa taron tsofaffin masoya ne, ba sababbin 'yan kallo fim ɗin ya samo ba, kuma kewar ƙuruciya ba kasafai take sayen tikiti sau biyu ba.

Sai batun rabo, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Adadin da ake bugawa a jaridu kuɗin da aka karɓa ne a tagar sayar da tikiti, kuma buhunan da aka ƙirga a gona ba su ne suke shiga rumbu ba. A Amurka kamfanin da ya shirya fim yakan karɓi kusan rabi, wani lokaci fiye da haka kaɗan. A yawancin sauran ƙasashe abin yakan tsaya wajen kashi 40 cikin 100. A Sin kuwa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da Amurka a 2012, wadda ta kai adadin finafinan waje da ake raba kuɗinsu zuwa 34 a shekara, kason kamfanin waje kashi 25 ne cikin 100. Idan aka bi wannan ma'auni, miliyan 220 ta Sin ta koma kimanin 55. Miliyan 47 ta Amurka ta koma wajen 24. Sauran ƙasashen duniya, da suka kawo kimanin 170, sun mayar da abin da bai kai 70 ba. A haɗa su duka, ba su cike miliyan 160 da aka kashe a ɗauka ba, ba a ma zo kan kuɗin talla ba, wanda a manyan finafinai irin wannan yakan ci wasu miliyoyin masu yawa. Wato tikitin mutum biyu a Sin, idan farashi ɗaya ne, shi ne daidai da na mutum ɗaya a Amurka a littafin kamfani. Wannan lissafi ne na kusa-kusa, amma ya isa ya nuna yadda fim zai tara sama da dala miliyan 400 masu shi kuma su tashi ba su mayar da uwar kuɗi daga sinima ba.

Ba a kan Warcraft aka fara ba. A Disambar 2007 kamfanin New Line ya saki The Golden Compass, wanda aka ciro daga littafin farko cikin uku na marubucin Ingila Philip Pullman, da manyan taurari irin su Nicole Kidman da Daniel Craig. An kashe masa kimanin dala miliyan 180. A Amurka, inda wata ƙungiyar mabiya ɗarikar Katolika ta yi kiran a ƙaurace masa, miliyan 70 ya samu. A waje ya samu kimanin miliyan 300, har ya ci kyautar Oscar ta fasahar haɗa hotuna. Sai dai kamfanin ya riga ya sayar da haƙƙin nuna fim ɗin a ƙasashen waje tun kafin ya fito, domin ya samu kuɗin haɗa shi. Ribar waje ta tafi aljihun masu rarrabawa, asarar gida ta zauna a kan New Line, kuma a farkon 2008 aka narkar da shi cikin Warner Bros. Abin da ya fi ciwo shi ne an yanke ƙarshen littafin daga fim ɗin, an ajiye shi don buɗe kashi na biyu. 'Yan kallo sun bar yarinyar labarin, Lyra, tana sararin sama a hanyar zuwa wurin mahaifinta, kuma a nan sinima ta bar ta har yau. Sai a 2019 BBC da HBO suka sake ɗauko labarin daga farko a talabijin, suka kammala shi a 2022.

Haka shi ma Warcraft ya ƙare. An kashe sarkin mutane, an kashe Durotan, jagoran dodannin da ya nemi sulhu, mugun matsafin da ya haddasa yaƙin yana nan da ransa, jaririn Durotan kuma an saka shi a kwando an tura bisa kogi, wani mutum ya tsince shi. Duk wanda ya san wasan ya san cewa wannan jariri shi ne gwarzon da labarin ke jira. An karɓi kuɗin mutane an nuna musu haihuwarsa kawai.

Wani zai ce ai akwai finafinan da kasuwar waje ta ceto har suka samu ci gaba, kuma gaskiya ne. Pacific Rim na 2013, wanda shi ma Legendary ya shirya, ya fi samun kuɗi a Sin fiye da Amurka, kuma ya samu kashi na biyu a 2018. To amma a dubi bambancin. Wancan fim ya haura dala miliyan 100 a gida, wato ƙafarsa ɗaya tana ƙasa, kasuwar Sin ƙari ta yi masa. Kuma kashi na biyun, wanda aka shigar da 'yan wasan Sin cikinsa don jan hankalin wannan kasuwa, ya tsaya wajen miliyan 290 a duniya, ƙasa sosai da miliyan 411 na farkon. Wannan misali ya ƙara wa masu jari tsoro ne, bai rage ba. Wani kuma zai ce tunda a lokacin Wanda ke da Legendary kuma shi ke da sinimomin, ai kason da ya tsaya a Sin bai bar gida ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai Wanda ba shi kaɗai ke da sinimomin ƙasar ba, ga haraji, ga masu rarrabawa, ga Universal da ya saki fim ɗin a sauran duniya, ga Blizzard mai asalin labarin. Kashi na biyu yana buƙatar dukkansu su amince, kuma kowannensu littafinsa yake dubawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa fim kasuwanci ne, ba wanda za a tilasta wa ya sake zuba dala miliyan 160 a inda ya yi asara. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi yin kashi na biyu. Laifin yana can baya, a ranar da aka yanke shawarar ƙin rufe labarin farko. Ana iya barin ƙofa a buɗe ba tare da an bar ɗan kallo a rataye ba. Star Wars na 1977 ya ƙare da nasara cikakkiya, da a ce bai samu kasuwa ba da ba wanda zai ce an cuce shi. Wanda kuma ya tabbata labarinsa ba ya rabuwa, to ya yi abin da Peter Jackson ya yi da The Lord of the Rings, ya ɗauki kashi ukun a tare kafin ya saki na farko. Kamfanin da ya ɗauki wannan kasada shi ne New Line ɗin dai, don haka ba za a ce bai san hanyar ba.

Inda labari da jari da 'yan kallo suka fito daga gida ɗaya, lamarin yakan sha bamban. Baahubali na S. S. Rajamouli, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai ta hanyar fassara, ya ƙare a 2015 da tambayar da ta hana mutane sukuni, wato dalilin da ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa. Amma tun kafin a saki na farko an tsara aikin a matsayin kashi biyu, har an ɗauki wani ɓangare na biyun, kuma amsar ta zo a 2017. A Sin ma, Ne Zha na 2019, fim ɗin zane da aka gina a kan tsohuwar almarar ƙasar, ya samu ci gaba a Janairun 2025, kuma wannan kashi na biyu ya haura dala biliyan 2, mafi yawansu daga cikin gida. 'Yan kallon da suka cika zaure don Warcraft ba a saka musu ba, 'yan kallon Sin ne dai suka cika shi don Ne Zha, kuma a wannan karon tikitinsu ya isa hannun mai shirya fim da cikakken nauyinsa. Mai kallo a Kano ko Zinder da ya karɓi fim a wayarsa daga shagon masu turawa, shi ko a lissafin ma ba ya fitowa, komai yawan son da yake yi wa labarin.

Hollywood ba ta daina tsara almara mai kashi uku ba, kuma har yanzu akan ji ana cewa idan gida ya ƙi, waje zai ɗauka. Wannan dogaro ya fi rauni a yau fiye da 2016. Finafinan cikin gida ne suke mamaye kasuwar Sin a 'yan shekarun nan, kuma a Afrilun 2025, ana tsakiyar rikicin harajin kaya da Amurka, hukumar finafinan ƙasar ta sanar cewa za ta rage yawan finafinan Amurka da ake shigowa da su. Furodusan da zai bar labarinsa a buɗe yanzu, da fatan sinimomin Sin za su biya masa kuɗin ƙarasawa, yana jingina ne da kasuwar da ba ta ba shi fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, wadda kuma ba shi da tabbacin za ta bar fim ɗinsa ya shiga.